Tarihin Amurka da Kamfanoni Suka Saya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu begen tsohuwar talabijin ta Amurka. Wai a shekarun 1950 akwatin nan makaranta ne, iyali kan taru a falo da daddare a koya musu tarihin ƙasarsu tsantsa, kafin shirme ya zo ya mamaye komai. Har zamanin zinare suke kiran lokacin. Idan ka nemi hujja sai su lissafo maka Cavalcade of America da Death Valley Days da You Are There, shirye-shiryen da kowane mako suke zuwa da sabon labari da sababbin 'yan wasa. Yanzu da tsofaffin fina-finan suka bazu a YouTube, yabon ya ƙara kauri. Ni ban yarda da wannan magana ba. Yawancin abin da aka nuna talla ce aka sa mata rigar tarihi, kuma wanda ya biya kuɗin shi ya zaɓi abin da za a tuna da abin da za a binne.

Mu fara da Cavalcade of America, tunda shi ne uban tafiyar. Mai shirin shi ne kamfanin DuPont, wanda ya soma da daka albarushi a 1802 a jihar Delaware, ya kuma kwashi ƙazamar riba wajen sayar wa Ingila da ƙawayenta kayan fashewa a Yaƙin Duniya na Farko. A 1934 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Gerald Nye ya kira manyan gidan du Pont su zo su yi bayanin wannan riba a bainar jama'a. Jaridu suka liƙa wa irinsu suna, dillalan mutuwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1935, kamfanin talla na BBDO ya shirya musu Cavalcade a rediyo, tare da sabon take mai alƙawarin kyakkyawar rayuwa ta hanyar kimiyyar sinadarai. A 1952 shirin ya shiga talabijin, ya zauna har 1957. Duk wanda ya jera waɗannan shekaru zai ga cewa kunya ce ta haifi shirin, kuma aikinsa na farko wanke sunan mai gida.

Wace irin Amurka aka nuna? Ƙasar masu ƙirƙira ce da likitoci da jaruman da suka keta daji suka kafa gari. Mutum ɗaya mai himma ya tsaya da ƙafarsa, ya sha wuya, ya yi nasara, sai a kawo tallar nailan ko fenti. Tarihin ma'aikata kuwa, na waɗanda aka harbe a yajin aikin Homestead a 1892, ko mata da yaran da suka mutu a sansanin masu haƙar kwal na Ludlow a 1914, ba irin labarin da mai masana'anta zai sa kuɗinsa ya yayata ba ne. An ɗauko manyan malaman tarihi su duba rubutun, har Arthur Miller ya rubuta wa shirin wasanni tun yana rediyo, don haka da wuya ka kama su da kuskuren shekara ko na suna. Ɓarnar tana wajen zaɓe. Ana iya jera gaskiya goma a bar ta goma sha ɗaya, mai kallo ya tashi da ƙarya a kansa. Abin da ya fi damuna shi ne kamfanin ya riƙa ba makarantu aron fina-finan, yara suna kallo a aji suna ɗauka darasi ne.

Death Valley Days ma haka. Ruth Woodman ce ta ƙirƙiro shi a rediyo a 1930, ya yi talabijin daga 1952 zuwa 1970, kuma mai ɗaukar nauyinsa kamfanin borax ne mai sayar da garin wanki. Alamar shirin ita ce alamar kayan: alfadarai a jere suna jan manyan amalanke a cikin hamada. An ɗaukaka alfadaran, amma 'yan China da suka riƙa kankare ma'adinin daga ƙasa cikin zafin rana ba su hau kwali ba. Mutanen Timbisha, waɗanda kwarin Death Valley gidansu ne tun kafin zuwan Turawa, sai a shekarar 2000 gwamnati ta amince musu da fili a ƙasar kakanninsu. Ronald Reagan ya gabatar da shirin a tsakiyar shekarun 1960, bayan shekarun da ya yi yana gabatar da na kamfanin General Electric, kuma a 1966 aka zaɓe shi gwamnan Kaliforniya.

Wanda har yanzu yake shakka, ya dubi abin da ya sami marubuci Rod Serling. A watan Agustan 1955 aka sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, aka kashe shi a Mississippi, kotun da masu yanke hukuncinta duk farare ne ta wanke waɗanda suka yi kisan. Serling ya rubuta wasa kan lamarin don shirin da kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ke ɗaukar nauyi. Kafin a nuna shi a 1956 an yi masa fiɗar akuya. Wanda aka kashe ya tashi daga baƙar fata ya koma wani baƙo daga wata ƙasa. An ɗauke garin daga Kudu an kai shi New England. Har kwalaben Coca-Cola aka kwashe daga dandalin wasan, don kada su tuna wa mai kallo Kudu. Serling ya sake gwadawa a 1958 a shirin Playhouse 90, sai labarin ya koma shekarun 1870, mamacin ya zama ɗan Meziko. A 1959, a wannan shiri dai, aka nuna wasan shari'ar Nuremberg, inda alƙalan Amurka suka yi wa 'yan Nazi shari'a. Cikin masu biyan kuɗi akwai ƙungiyar kamfanonin iskar gas, don haka da aka zo ambaton ɗakunan da aka hallaka Yahudawa da gas, sai aka kashe sauti. Baki yana motsi, kalmar ba ta fita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gidajen talabijin sun yi askin nan a kan gawarwakin mutane.

Za a ce mini, to You Are There fa? Na yarda, shi ne ya fi su. Ya fara a talabijin ɗin CBS a 1953, Walter Cronkite yana zaune kamar mai karanta labarai, wakilai suna tare mutanen da suka shuɗe suna yi musu tambayoyi, Sidney Lumet yana ba da umarni. Amma a tambayi su wa suka rubuta shi a shekarunsa na farko. Abraham Polonsky ne da Walter Bernstein da Arnold Manoff, mutanen da masana'antar ta haramta wa aiki bisa zargin gurguzu, suna rubutu a ɓoye ana sa sunayen wasu. Shi ya sa suka yi ta komawa ga shari'ar mayu ta Salem, da Galileo, da mutuwar Socrates: labaran mutanen da aka tilasta wa tuba daga ra'ayinsu ko aka hukunta su a kansa. Halin da suke ciki a zamanin farautar 'yan gurguzu na Sanata McCarthy suke faɗa ta bakin matattu. Kenan gaskiyar da ta shiga akwatin nan ta ɓarauniyar hanya ta shiga, a hannun waɗanda aka kora daga ƙofa. Wannan hujja ce a kan zamanin, masu begensa ba su da rabo a cikinta.

Ban ce a daina kallonsu ba. A kalle su, domin shaida ce babba kan yadda masu kuɗin Amurka suka so a ga ƙasar a lokacin da baƙaƙen fata na Montgomery suke tafiya a ƙasa sama da shekara guda suna ƙin shiga bas. Amma mai karatu, idan ka buɗe ɗaya daga cikinsu, kada ka tsallake tallar farko da ta ƙarshe. Duba sunan kamfanin, nemi abin da yake sayarwa da abin da ake zarginsa da shi a wannan shekara, sannan ka saurari labarin da ya ba ka.