Tsohuwar Bindigar Soja: Kada Mu Sayi Kifi A Ruwa

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Wannan karin magana ya dace da batun tsofaffin bindigogin soja da akan tallata a ɓoye ga mafarauta da manoma a yankin Parakou da Djougou, inda jama'armu ta Zango ke zaune tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja.

Mu ɗauki misalin MAS-36, wadda sojan Faransa suka karɓa a shekarar 1936, mai cin harsashi biyar, ƙirar masana'antar Saint-Étienne. A Turai da Amurka masu tara kayan tarihi kan duba abu uku kafin su yi tayi: ko lambobin da ke jikin sassanta sun dace da juna, ko tsatsa ta cinye cikin bututun, da kuma ko an taɓa yi mata kwaskwarima. Waɗannan ma'aunai suna da amfani a nan ma, domin ƙarfen da ya sha damina sittin yana iya fashewa a hannun mai harbi. Ga kuma matsalar harsashi. Nata mai awon 7.5 ne, wanda Faransa ta daɗe da dainawa, saboda haka abin da ya rage a hannun jama'a tsoho ne da ba a san lafiyarsa ba.

To amma a ganinmu, babban ma'auni a yau shi ne takarda. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta wajabta lasisi da rajista ga farar hula, sannan daga baya Jamhuriyar Benin ta kafa sabuwar dokarta kan makamai da harsasai. Bindigar da ba a san asalinta ba, ko wadda aka kankare lambarta, ba ta da wata daraja illa ta kai mai ita gidan kaso.

Halin da arewacin ƙasar ke ciki ya ƙara wa lamarin nauyi. Tun daga sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari a watan Mayun 2019, da harin Porga a ƙarshen 2021, har zuwa kisan sojoji 54 a gandun W a watan Afrilun 2025, jami'an tsaro ba sa wasa da duk wanda suka gani da makamin yaƙi. Ba mu kuma manta da artabun Tchaourou na 2019 ba, inda mafarauta suka yi arangama da sojoji a kudu da Parakou. Mai tsaron gonarsa da irin wannan bindiga yana iya wayar gari ana tuhumarsa da abin da bai ji ba bai gani ba.

Don haka muna kira ga sarakunan Zango, da limamai, da shugabannin mafarauta su faɗakar da jama'a. Wanda ke bukatar bindigar farauta ya nemi izinin hukuma tukuna, ya saya inda doka ta amince. Wanda kuma ya gaji tsohuwar bindigar kakansa tsohon soja, ya kai rahotonta ga 'yan sanda kafin su zo nemanta. Hukuma ita ma ta sauƙaƙa hanyar rajista, ta yadda talaka ba zai ji tsoron kawo kansa ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.