Zauren Iyali: Sulhun Ma'aurata, Ta Waya Ko Gaba Da Gaba?



A da, idan zama ya yi tsami tsakanin miji da mata, sai a shimfiɗa tabarma a zaure, a kira dattijo daga dangin miji da wani daga dangin mata, kamar yadda aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta umarta. Yau kuwa maigida yana ci-rani a Sabha ko Abijan, uwargida tana Tawa ko Maraɗi, kuma abin da ya haɗa su bai wuce salula ba. Shi ya sa muke tambaya: shin sulhun da aka yi ta WhatsApp yana kai wanda aka yi ido da ido?

Masana sun ɗan haskaka mana hanya. Tun annobar korona a 2020, masu ba ma'aurata shawara a ƙasashe da dama suka koma aiki ta bidiyo. A 2022, masu bincike a Jami'ar Curtin ta Ostireliya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ma'aurata 30: wasu suka gana da mai ba da shawara ido da ido, wasu ta bidiyo, kowane rukuni zama 6. Duka rukunonin biyu sun ƙaru da gamsuwa da zaman aurensu, ba tare da wani bambancin a-zo-a-gani ba. Kafin nan, a 2016, wani gwaji a Amurka da ma'aurata 300 ya nuna cewa shirin intanet na kimanin awa 8, mai suna OurRelationship, ya kyautata zamantakewarsu.

Sai dai mu lura: a gwajin Ostireliya, miji da mata suna zaune tare a ɗaki guda, mai shawarar ne kaɗai ke cikin allo. Wannan ya sha bamban da halin da ƴan ci-raninmu ke ciki, inda hamada ta raba su. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da ke cikin salula ba ta nuna wanda ke tsaye bayan ƙofa. Macen da uwar miji ko kishiya ke saurarenta ba za ta faɗi abin da ke ranta ba. Saƙon muryar da aka aika cikin fushi kuwa yakan zaga dangi kafin gari ya waye.

Shawararmu ke nan. Idan nisa ya hana haɗuwa, kada a jingine magana har sai maigida ya dawo bayan shekara biyu. A tsayar da rana da lokaci, a samu amintaccen mai shiga tsakani, kowa ya keɓe inda ba mai jin sa, kuma a yi alkawarin ba za a naɗi maganar ba. Idan kuwa akwai duka ko barazana, waya ba ta isa ba, kuma ba a fara da zaman haɗin gwiwa: a fara da kare wadda ake cuta, a saurare ta ita kaɗai, a kai maganar ga waliyyinta da hukuma.

Allah Ya sanya ƙauna da rahama a gidajenmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.