Izinin Farauta: Tukunya ko Alfahari?

Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta shekarar 1998 ta ɗaure farauta da takardar izini. To, amma takarda kuɗi take ji, ba ta san yunwa ba. Manomin Buza ko Keita da ya harbo zabon daji domin miyar iyalinsa, ɓarawo ake kiransa. Attajiran ƙasashen Larabawa da suka riƙa kakkaɓe tuje da barewa a arewacin ƙasar nan da shahuna a shekarun 2000, manyan baƙi aka kira su. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Waɗannan a mota suka ci nasu. Tun da namun daji sun ƙaranta, a ƙidaya su, a fara ba tukunya izini, alfahari ya jira.