FILIN GONA DA GARKE: Me ɗalibai ke nema cikin gonakinmu da igiya da ma'auni?

Sharar gona ta kusa ƙarewa, kowa na duban gabas. Akwai zancen da ya kamata mu yi tun ruwan shuka bai sauka ba.

Da damina kuna ganin wasu samari da ƴan mata sun fito daga Maraɗi sun shigo ƙauyukanmu na Madarunfa. Suna ɗauke da igiya, da turaku, da ma'auni, da littafi. Su yanka gona ƙanana-ƙanana kamar fangalin albasa, su kafa alluna masu lamba. Sai ka ji dattawa na cewa: "Yaron da bai taɓa riƙe hauya ba, shi za ya koya mana noma?" To, ba koyarwa ta kawo su ba. Tambaya ce ta kawo su.

Ɗaliban jami'a ne. Wasu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suke, wasu daga ta Abdu Mumuni a Yamai. Da yawansu suna aiki tare da INRAN, gidan binciken noma na ƙasa, wanda anka kafa a 1975, mai babban reshe a Tarna. Ɗalibi na yin shekara 3 ya samu takardar farko. Ya ƙara 2 ya samu ta biyu, wadda ake kira masta. In ya ƙara 3 ko fiye, sai a kira shi dokta. Wanga dokta ba ya yin allura, kar ku kai masa ciwon baya. Kuma hadda ba ta ba mutum waɗanga takardu na sama. Sai ya ɗauko tambayar da ba a amsa ba, ya amsa ta da gwaji, ya rubuta, ya tsaya gaban manyan malamai su yi ta tuhumarsa.

Gwaji ba baƙon abu ba ne wurinmu. Wanda ya samo sabon iri a kasuwar Ɗan Isa ya shuka shi a gefen gona, gwaji ya yi. Abin da ɗalibi ya fi mu shi ne doka. Babbar dokar ita ce fangalin shaida. Wato fangalin da ba a sa masa komi ba, an noma shi yadda munka saba. In ka sa taki a gona duka, hatsi ya yi kyau, ina ka san takin ne? Wataƙila ruwa ne ya yi daidai bana. Amma in ga mai taki, ga marar taki kusa da shi, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, ruwan sama ɗaya, to duk bambancin da ka gani na takin ne. Shi ya sa abu guda ake sakewa. In ka sake iri ka kuma sake taki, ba ka san wanda za ka gode ma ba.

Sannan ba a gwadawa a fangali ɗaya. Kowa ya san gona ba ta zama ɗaya daga gabas zuwa yamma. Ƙarƙashin gawo ya fi, wurin tsohon suri daban, inda garke ya kwana bara daban. Don haka ake maimaita gwajin wuri 3 ko 4. Kuma ƙuri'a ke raba fangali, don kar mai gwaji ya ba abin da yake so wuri mai kyau. Haka ake yi da bisashe. A misali, a samu raguna 12 masu kai ɗaya, a auna kowane, ƙuri'a ta raba su kashi 3. Kashi ɗaya kara kawai, ɗaya kara da harawa, ɗaya kara da dusa. Kowane mako a auna. Ido na ruɗi, ma'auni ba ya da ɗan gida.

Kar ku ce wasan yara ne. A ƙasar Ingila, a wani wuri da ake kira Rotamsted, akwai gonar da ake shuka alkama tun 1843. Wasu fangalai da takin gida, wasu da takin zamani, wasu babu komi. Har yanzu ana aunawa.

Mu dawo gida. Irin hatsin nan CIVT, harafin T na ƙarshe Tarna yake nufi, can anka haɗa shi. Buhun ajiyar wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, ya fara yaɗuwa a ƙasarmu tun 2007. Malaman Jami'ar Purdue ta Amurka sunka fito da dabarar, malaman INRAN na Maraɗi, irin su Ibrahim Bawa, sunka gwada ta nan. Ga yadda ake gwajin: a ɗauki wake ɗaya mai ƙwaro, a raba. Wani a buhun da munka saba, wani a buhu mai leda biyu ciki, kowace an ɗaure ta daban. Bayan watanni a buɗe, a ƙidaya ƙwaya, a ga nawa ke da huda. Ƙwaro na numfashi kamar mu. Cikin leda da anka ɗaure sosai, ya cinye iskar da ke raya shi, ya bar ci, ya mutu, ba tare da an zuba guba ba. Nan munka san dalilin da ya sa amfanin ledar da ta huje ke raguwa.

Sai murzuna, tsutsar da ke bin zangarniya tana cin hatsi. Tun 2006 ake gwada yaƙarta da wani ɗan ƙwaro mai kamar ƙaramin zanzaro. Macen ta harbi tsutsa, ta yi ƙwai bisa jikinta, ɗiyanta su cinye ta. Ana sa mata 2 cikin ɗan buhun garara, da hatsi, da tsutsa 25 ta wani iri don su hayayyafa. A rarraba buhu 15 kewayen gari. To, shi ƙwaro mai fiffike ba ya tsayawa a fangali. Don haka gari sukutum ke zama shaida: wannan gari an saki, wancan can nesa ba a saki ba, a ƙidaya tsutsar da ta mutu a kowane. In an ce ba a kawo buhu garinku ba bana, wataƙila ku ne shaida.

Abin da ke kashe gwaji ƙarami ne. Mai gona ya ga fangalin shaida ya rame, tausayi ya kama shi, ya watsa masa taki da dare. Alheri ya yi a ganinsa, amma ya ɓata lissafi, don yanzu za a rubuta cewa sabon abin bai fi tsoho ba. Yara su tuge turaku su yi wuta. A karya zangarniya a yi tumu kafin a auna. Garke ya faɗa dare guda. Mu manoma in bana ta ƙi muna jiran baɗi. Shi ma ɗalibi haka, sai dai shi kuɗin karatu da wa'adi ke binsa. Makiyaya, in kun ga allo mai lamba, ku kauce. Ku kuma ɗalibai, kar ku kafa turke cikin burtali ko bakin mashaya, sannan ku zo kuna kuka.

Amma ba mu kaɗai ke da laifi ba. Akwai ɗaliban da ke cika littafi, su hau babur, ba a sake ganin ƙeyarsu. Mai gona ya ba da ƙasa da gumi, ko labarin abin da anka gano bai ji ba. Wannan rashin kyautawa ne. Kafin ku ba da gona, ku zauna gaban mai gari da malamin gona ku tambaya: Me za a gwada? Wa za ya yi noma? Amfanin na wa ne bayan awo? In sabon abin ya ɓata shuka, wa za ya biya? Wane wata za a dawo a faɗa mana sakamako da Hausa? Ku da kunka yi yaƙi da jahilci, ku rubuta amsar a takarda, kowa ya sa hannu. In magani ne za a fesa ko a ba dabba, ku nemi sunansa, ku tambaya kwana nawa za a yi kafin a ci ganye ko a sha nono.

Wanda ke so ya gwada da kansa bana, ga hanya. Malaman ICRISAT na Sadore da na INRAN sun daɗe suna gwada sa ɗan taki cikin ramin shuka, maimakon watsawa: giram 6 na takin 15-15-15 a kowane rami. In tazarar rami mita 1 ce ta kowane gefe, ekta na da rami 10.000, taki kilo 60 ke nan. Kai ba sai ka sayi buhu ba. Auna fangali 6, kowane mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, rami 100. Ka nisanci gawo da suri. Jera su biyu-biyu, ka jefa ƙuri'a a kowane biyu: ɗaya taki, ɗaya shaida. Fangali 3 masu taki za su ci kilo 2, har da ɗan saura. Tambayi malamin gona yadda ake sa shi don kar ya ƙone iri. Rubuta ranar shuka, ranar noma, da ranakun ruwa.

Da kaka ka yanke kowane fangali daban, a sussuka daban, a auna da tiya ɗaya ko ma'auni ɗaya. Abin da fangali ya ba da, ka riɓa sau 100, shi ne na ekta. Kilo 5 a fangali, kilo 500 ke nan a ekta. Sai ka cire kuɗin taki daga kuɗin hatsin da ya ƙaru, ka ga ko akwai riba. Ka ajiye takardar, baɗi ka sake, don shekarar fari da shekarar ruwa ba su ba da amsa ɗaya. Wanda ya yi, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu lissafinsa ya aiko mana bayan kaka.