Gani Ya Kori Ji: Wa Ke da Bakin Yi wa Littafi Hukunci?

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin mu, mu ɗaliban Hausa, ita ce yanke wa littafi hukunci ba tare da an buɗe shi ba. Tambayi ɗalibi game da Ruwan Bagaja, nan take zai ce ai babu kamarsa. Ambaci littafin soyayya, sai ya taɓe baki ya ce shara ce. In ka matsa masa da tambaya, sai ka tarar duka biyun bai karanta ba, abin da ya kwafa a aji ne yake amayar maka.

Wannan ɗabi'a gadon muhawara ce da ba mu fahimta ba. A shekarun 1990, lokacin da littattafai irin su In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ƙalubalance shi, aka yi ta fafatawa a shafin adabi na jaridar New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi. Waɗannan masana da hujja suka yi jayayya. Mu kuwa sunan kawai muka ɗauka, muka bar hujjar a can.

Hukunci ba karatu yana da mugun ƙarshe. A shekarar 2007 an tara littattafan Hausa an banka musu wuta a Kano, da sunan gyaran tarbiyya. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi. Irin adabin da muka raina a gida, baƙi suka zauna suka karanta.

Saboda haka ni dai na fi girmama ra'ayin matar auren da aka sayo wa littafi a Kasuwar Monday, ta karanta shi daga bango zuwa bango, ta ce marubuciyar ta zalunci kishiya a labarin, a kan na mai neman digirin da bai wuce shafin farko ba. Ita ta gani, shi kuwa ji ya yi.

Sai dai kada masu karatu su ɗauka na wanke su. "Ya yi daɗi" ba sharhi ba ne. Faɗa mana ina daɗin yake: a zubi ne, ko a salo, ko a jigo? Wane tauraro ne ya gamsar da kai, wane ne ya zama ɗan amshin shatan marubuci? Haka nan kada mu tsaya ga ƙagaggun labarai. Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi su ma suna jiran mai karatun da zai faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu shi ne, kowa ya zaɓi littafi ɗaya a bana, ya karance shi tsaf, ya rubuto wa wannan mujalla ra'ayinsa da hujjarsa, ko da ya saɓa wa na malaminsa. Wanda bai karanta ba kuwa, ya taimake mu da shiru.