Da tsohuwar zuma ake magani

A shekarar 2019 wata dattijuwa da ta haura shekara 70, mai suna Suzanne Farrell, ta sake taka ɗakin gwaji na babbar ƙungiyar rawa ta birnin Niyok a ƙasar Amurka, wadda ake kira New York City Ballet. Rabonta da aiki a gidan shekara 26 ke nan. An gayyato ta ne domin ta koya wa manyan ƴan rawa na lokacin, irin su Sara Mearns da Maria Kowroski, wata rawa mai suna "Diamonds", watau lu'ulu'u, wadda aka tsara a kan jikinta tun 1967. Jaridun ƙasar suka ɗauki abin babban labari, aka yi ta murna. Amma tambayar da ta cancanci a yi ita ce: yaya aka yi matar da ta fi kowa sanin wannan rawa a duniya ta share fiye da rubu'in ƙarni a bayan ƙofa?

Waɗanda suka ga festibal na matasa a zamanin Kunce sun san kalmar bale, domin kowace jaha takan zo da nata. Balen Turawa daban yake. Sana'a ce da ake fara koyo tun ƙuruciya, mata suna rawa a kan ƴan yatsun ƙafa, ba a furta ko kalma ɗaya, kiɗa da motsin jiki su ne ke ba da labari. Sana'ar tana cin jiki ƙwarai, shi ya sa a gidan Opera na Paris shekara 42 ce iyakar aikin ɗan rawa. Mutum yakan sauka daga dandali a daidai lokacin da fahimtarsa ta cika, ya tafi da ita gida.

George Balanchine, haifaffen birnin Sam Fitasbag na Rasha a 1904, ya isa Amurka a 1933, kuma shi da Lincoln Kirstein suka kafa wannan ƙungiya a 1948. Ya tsara raye-raye fiye da 400. Aikinsa kamar na tela yake: yakan dubi ɗan rawa, tsawonsa, saurinsa, yadda kunnensa ke kama kiɗa, sa'an nan ya yanka rawar daidai da shi. A cikin "Jewels" ta 1967, kashi na farko ya ɗinka shi a kan Violette Verdy da Mimi Paul, na biyu a kan Patricia McBride da Edward Villella, na uku, watau "Diamonds", a kan Farrell da Jacques d'Amboise. Da ya rasu a 1983, ragamar gidan ta koma hannun Peter Martins, ɗan ƙasar Danmak, da fari tare da Jerome Robbins, daga 1990 kuma shi kaɗai. Farrell ta bar dandali a 1989, ta ci gaba da koyarwa a gidan, sai a 1993 aka sallame ta. Abin mamaki, Martins ɗin shi ne abokin rawarta na shekaru masu yawa, har da wannan "Diamonds" ɗin. Ba ta sake komawa ba sai da ya ajiye muƙaminsa a watan Janairu na 2018, bayan kimanin shekara 35 a kan kujera.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa Martins bai kori duk tsofaffi ba. Karin von Aroldingen, wadda Balanchine ya tsara wa raye-raye da dama, ta daɗe tana koyarwa a gidan, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta tsaya da ƙafafunta, ta yaye ƙwararrun ƴan rawa. Haka kuma masu ɗari-ɗari da gayyatar tsofaffin taurari suna da hujjojin da ba a wofintar da su. Suna cewa ɗan Adam ajizi ne, wanda ya yi rawa shekara 50 da suka wuce yana iya mantuwa, ko ya gauraya abin da aka koya masa da abin da ya ƙara da kansa. Suna cewa Balanchine shi kansa bai riƙe raye-rayensa kamar saukakken littafi ba: "Firebird" da ya yi wa Maria Tallchief a 1949 ya sake mata fasali a 1970 domin Gelsey Kirkland, "Apollo" kuwa ya yanke farkonta a 1979. To, wace ce ta asali? Suna kuma cewa sarki biyu ba su zama gari ɗaya: idan baƙuwar malama ta ce hagu, malamin gida ya ce dama, yarinya ta bi wa?

Duk waɗannan maganganu suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su kai ga rufe ƙofa ba. Mai kiɗa yana da takardarsa, mai wasan kwaikwayo yana da littafinsa. Rawa ma an ƙago mata hanyoyin rubutu, na Laban a 1928 da na Benesh a 1955, ga kuma bidiyo. Sai dai takarda tana nuna inda ƙafa za ta sauka, bidiyo yana nuna abin da wata ta yi a wani dare guda, har da kurenta, wanda na baya kan kwaikwaya su zaci umurnin maigida ne. Ba ɗayansu da ke faɗin dalilin da ya sa aka jinkirta hannu a nan, ko inda ido zai duba, ko abin da mai rawar ya faɗa a ɗakin gwaji ranar da yake ƙago ta. Wannan yana cikin ƙirjin wadda ta tsaya a gabansa. Shi kuwa batun sauye-sauyen Balanchine, hujja ce da ke goyon bayan gayyatar. Wadda ta ga yadda ya sake taku domin ya dace da jikinta ita ce ta fi sanin abin da za a iya taɓawa da abin da in an taɓa shi rawar ta mutu.

Rashawa sun daɗe da gane wannan. Galina Ulanova ta bar dandalin Bolshoi na Masko a 1960, amma ba ta bar gidan ba, ta zauna tana tarbiyyar taurari irin su Ekaterina Maximova har kusan rasuwarta a 1998. A Amurka ma wasu sun farga da wuri. Tun 1995 gidauniyar George Balanchine, a ƙarƙashin kulawar Nancy Reynolds, ta fara ɗaukar tsofaffin ƴan rawa a bidiyo suna koya wa matasa raye-rayen da aka yi dominsu. Tallchief ta koyar da "Firebird". Alicia Markova, tana da shekara sama da 80, ta tono daga ƙwaƙwalwarta sassan "Le Chant du Rossignol", rawar da Balanchine ya yi mata a 1925 tana ƴar shekara 14. Farrell kuwa ba ta naɗe hannu ba: ta yi ta koyar da raye-rayen maigidanta a ƙasashe daban-daban, ta kuma jagoranci tata ƙungiyar a cibiyar Kennedy ta Washinton daga 2000 zuwa 2017. Watau na waje sun sha zumar, ƴan gida suna kallo.

Asarar da ke cikin irin wannan jinkiri ba ta da diyya. Tallchief ta rasu a 2013, Verdy a 2016, Arthur Mitchell, baƙar fatar da Balanchine ya tsara wa "Agon" a 1957, ya rasu a 2018, d'Amboise a 2021. Ana iya sake gina zauren da ya rushe, ana iya cike gibin kasafin kuɗi baɗi, amma ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya kwanta dama, duk tambayar da ba a yi masa ba ta tafi ke nan. Ƴan rawa nawa ne suka shiga sana'ar a 1993, suka tsufa, suka fita, ba su taɓa jin gyara ɗaya daga bakin Farrell ba? Da na sani ƙeya ce.

Sababbin shugabanni, Jonathan Stafford da Wendy Whelan, waɗanda aka naɗa a watan Fabrairu na 2019, sun cancanci yabo. Tun lokacin riƙon ƙwarya a 2018 aka fara kiran McBride da Villella, sa'an nan Farrell ta biyo baya. A 2024 ta sake dawowa ta ɗora "Tzigane" ta 1975, ɗaya daga cikin raye-rayen da Balanchine ya bar mata a wasiyya, a ƙarƙashin sabon suna "Errante". Ba a ji cewa ikon shugabannin ya ragu ba don sun buɗe ƙofa. Baƙo ya faɗi abin da ya sani, a rubuta, a ɗauka a bidiyo, idan shaidu biyu sun saɓa a ajiye maganar kowa, hukunci na ƙarshe kuma ya zauna a hannun mai gidan.

Abin da ya rage shi ne kada wannan ya tsaya a kan halin kirkin mutum ɗaya ko biyu. Ya kamata gayyatar ta zama ƙa'idar gida, a rubuce, da kasonta a cikin kasafi, yadda shugaban gobe ba zai iya soke ta ba don wata tsohuwar jiƙaƙƙiya tsakaninsa da wani. Wanda aka ba riƙon gado wakili ne, kuma wakili ba ya zaɓen wanda zai ba da shaida a kan dukiyar marayu bisa ga wanda ransa ke so. Waɗanda Balanchine ya tsara wa rawa da hannunsa, mafi yawansu sun haura shekara 70, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi.