Janar Buhari da Amanar Mutanen Bauchi

Kafin mutanen Bauchi su san Muhammadu Buhari a matsayin mai neman ƙuri'a, sun san shi a matsayin Gwamnansu. A watan Agusta na 1975 ne Janar Murtala Muhammad ya naɗa shi Gwamnan soja na Jihar Arewa Maso Gabas, yana Laftanar-Kanar, shekarunsa 32. A Maiduguri ya zauna, Bauchi kuwa lardi ce a ƙarƙashinsa. Zaman bai yi tsawo ba, domin ran 3 ga watan Fabrairu 1976 aka raba jihar gida uku, watau Bauchi da Borno da Gongola, aka turo Laftanar-Kanar Muhammad Bello Kaliel ya buɗe sabuwar Jihar Bauchi. Shi kuma Buhari ba da jimawa ba aka kira shi Ikko, aka ba shi Kwamishinan Man Fetur na Tarayya.

An haife shi a Daura ran 17 ga watan Disamba 1942. Ya sami horon soja a Kaduna da Ingila, ya zama hafsa a 1963, da shi aka yi yaƙin basasa. Yana shugabantar runduna ta uku a Jos sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ran 31 ga watan Disamba 1983, suka ɗora shi bisa mulki. Wannan juyin mulki shi ne ya raba Alhaji Abubakar Tatari Ali da kujerar Gwamnan Bauchi.

Wata ashirin kacal ya yi, amma waɗanda suka ga lokacin ba su manta da shi ba. Akwai yaƙi da rashin ɗa'a, da bin layi dole, da canjin kuɗi na watan Afrilu 1984 wanda aka yi da kan iyaka a rufe. Akwai kuma Doka ta 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Wannan tabo ne da masu aikin jarida ba su yafe da sauƙi ba. Janar Babangida ya kawar da shi ran 27 ga watan Agusta 1985, aka tsare shi a Benin har 1988. Ya fito ba a ji ya tara dukiya ba, kuma a kan wannan shaida guda ɗaya talakan Arewa ya gina dukkan amanarsa, ya kira shi Mai Gaskiya.

Ba a jihohi da yawa aka riƙe wannan amana kamar yadda aka riƙe ta a Bauchi ba. Sau uku ya nemi shugabancin ƙasa ya faɗi, a 2003 da 2007 da 2011, amma mutanen Bauchi ba su juya masa baya ba. A 2015 sun ba shi ƙuri'a fiye da 900,000, Dokta Goodluck Jonathan kuwa bai kai 100,000 ba. Sai dai tilas a faɗi cewa son nan ya yi wa wasu rana fiye da yadda ya yi wa masu shi. Malam Isa Yuguda ya ci Gwamna a 2007 a inuwar ANPP, jam'iyyar Buhari, a 2009 ya tattara ya koma PDP. 'Yan takara da dama da ba a san su da wani abin kirki ba sun haye saboda hotonsu na manne da na Janar, aka ce wa jama'a su yi sak, suka yi.

An kuma biya farashi da jini. Bayan zaɓen watan Afrilu 2011 tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa, ɗaruruwan mutane suka hallaka, a cikinsu har da matasa goma masu bautar ƙasa da aka kashe a Jihar Bauchi. Aikin zaɓe aka turo su, ba su da ɗan takara. Babu wata ƙauna ga shugaba da za ta wanke wannan.

Da mulki ya zo hannu, me Bauchi ta samu? Abin da za a fi nunawa shi ne Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe. Mutumin da ya shugabanci kamfanin NNPC tun kafuwarsa a 1977 ya daɗe da imanin cewa akwai mai a ƙarƙashin ƙasar Arewa, ya kuwa nace har aka ba da sanarwar samunsa a 2019. Ran 22 ga watan Nuwamba 2022 ya zo da kansa ya ƙaddamar da aikin, aka yi maganar gangar mai fiye da biliyan ɗaya, da matatar mai, da masana'antar taki, da tashar lantarki. Har ya sauka ran 29 ga watan Mayu 2023 babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da ya tashi. A kasuwannin Wunti da Muda Lawal kuwa abin da aka fi tunawa shi ne tsadar shinkafa bayan rufe kan iyaka a 2019, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya kwana bai ci ba. Dattawa suka ce ai sun taɓa ganin irin wannan a 1984.

Tun a 2019 mutanen Bauchi suka fara rarrabewa: suka sake zaɓensa, amma suka ka da Gwamna Muhammad Abdullahi Abubakar na jam'iyyarsa, suka ɗora Sanata Bala Muhammad na PDP. A watan Janairu 2023 ya zo filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa don ya ɗaga hannun Bola Tinubu, na'urar magana ta mutu, ya tafi bai yi jawabi ba. Wata guda bayan haka Alhaji Atiku Abubakar ya lashe jihar.

Ya rasu a Landan ran 13 ga watan Yuli 2025, yana da shekara 82, aka yi masa sutura a gidansa na Daura bayan kwana biyu. Allah Ya jiƙansa.